Yadda ake tantance ƙudurorin haraji, bashi da mulki a takardar ƙuri'ar gunduma a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, majalisar gunduma ba ta da hurumin ƙirƙiro sabon haraji, ko cin bashin da za a biya da ƙarin harajin gidaje, sai ta nemi amincewar masu zaɓe. Shi ya sa takardar ƙuri'a a can ba ta tsayawa ga sunayen 'yan takara. A ƙasan sunayen akwai jerin tambayoyi na eh ko a'a, kowace da harafinta: Ƙudurin A, Ƙudurin E, Ƙudurin G. Wanda ya saba da zaɓen Najeriya ko Nijar, inda ake zaɓar mutum a bar masa sauran, yakan tsallake wannan sashe ko ya cike shi da ka. Alhali nan ne ake yanke abin da zai fita daga aljihunsa shekara 30 masu zuwa.

Misalan da ke tafe yawancinsu daga gundumar Los Anjelas ne, mai mutane kusan miliyan 10 da birane 88, amma ƙa'idojin na jiha ne, suna aiki a dukan gundumomi 58.

Kafin komai, ƙuri'a kan waɗannan ƙudurori ta ɗan ƙasa ce kawai. Mai katin zama na dindindin ba ya rajistar zaɓe kuma ba ya jefa ƙuri'a, ko da shi ke biyan harajin gidan. Yin haka laifi ne da kan kai ga kora daga ƙasar, ya kuma lalata neman zama ɗan ƙasa. Akwai ƙofofin da suke buɗe masa, za su zo a gaba.

Mataki na farko: nemo littafin gunduma

Littattafai biyu kan zo ta gidan waya. Na jiha yana bayanin ƙudurori masu lamba ne kaɗai. Na gunduma, wanda ofishin rajistar masu zaɓe ke aikowa ɗauke da samfurin takardar ƙuri'a, shi ne mai ƙudurori masu harafi. Kada ka ari na abokinka da ke wata unguwa, domin gunduma da birni da hukumar makarantu da hukumar kashe gobara kowace da iyakarta, kuma adireshinka ne ke tantance waɗanda suka shafe ka. Haruffan ma ana maimaita su. Ƙudurin J na 2012 kan sufuri ne, na 2020 kuma kan kason kuɗin gunduma. Duk lokacin da za ka bincika wani ƙuduri a intanet, haɗa harafin da shekarar da sunan gundumar.

Kowane ƙuduri yana zuwa da sassa. Tambayar da ke kan takardar ƙuri'a ba ta wuce kalma 75. Sai nazarin lauyan gunduma, wanda doka ta ce kada ya ɗauki ɓangare, iyakarsa kalma 500. Sai hujjar masu goyon baya da ta masu adawa, kalma 300 kowace, da martani mai kalma 250. Idan bashi ne, akwai takardar ƙiyasin haraji. Daga ƙarshe cikakken rubutun dokar.

Fara da nazarin lauya, ka bi da takardar ƙiyasi, sannan rubutun dokar, ka bar gajeriyar tambayar a ƙarshe. Dalili shi ne, idan hukuma ce ta kawo ƙudurin, ita ce ta tsara waɗannan kalmomi 75, kuma za ta cika su da abin da ke faranta rai: gyaran rufin da ke yoyo, saurin zuwan motar asibiti, tsaron yara. Ba ƙarya ba ne, amma ba su ne ke ɗaure hukuma a kotu ba. Rubutun dokar ne ke ɗaure ta. Jefa ƙuri'a kan gajeriyar tambaya kaɗai cinikin biri ne a sama.

Mataki na biyu: gane irin ƙudurin da yawan ƙuri'un da yake buƙata

Wannan ne wurin da ya fi rikita mutane, kuma yana da tarihi. A 1978 masu zaɓe suka amince da Ƙudurin jiha mai lamba 13, wanda ya tsayar da harajin kadara a kashi 1 cikin 100 na ƙimar da aka yi mata, ya kuma ce harajin da aka keɓe don wani aiki na musamman sai da kashi biyu bisa uku na ƙuri'u. A 1996 Ƙuduri na 218 ya ƙara ɗaure igiyar. Daga nan haraji ya rabu gida biyu.

Harajin gama-gari yana shiga babban asusu, majalisa ta kashe shi yadda ta ga dama. Rinjaye kawai yake buƙata, wato fiye da rabi. Sai dai dole a kawo shi a zaɓen da ake zaɓar 'yan majalisar, in ba sun haɗu baki ɗaya sun ayyana larurar gaggawa ba. Harajin musamman kuwa doka ta ɗaure kuɗinsa ga aikin da aka ambata, kuma idan majalisa ce ta kawo shi, sai ya sami kashi biyu bisa uku. Abin ya zo a juye: harajin da ya fi bai wa jama'a tabbacin inda kuɗinsu zai tafi shi ne ya fi wuyar wucewa.

Saboda haka hukumomi suka samo dabara. Sai a kawo harajin gama-gari, a lissafa ayyuka masu kyau a cikin tambayar, a rufe da jimlar da ke cewa "da sauran ayyukan gwamnati". Da zarar ka ga wannan jimla, ka san cewa jerin ayyukan alkawari ne na siyasa, majalisa mai zuwa tana iya sauya shi. Wata dabarar ita ce kawo ƙuduri biyu tare, ɗaya harajin gama-gari, ɗaya shawara ce kawai kan yadda za a kashe shi. Gundumar Santa Kilara ta yi haka a 1996, kotu kuma ta amince a 1998. Ba dole ne irin wannan ya sa ka ce a'a ba, amma ka san cewa amana ce kake bayarwa, ba yarjejeniya kake sa wa hannu ba.

Akwai hanya ta uku. Bayan hukuncin kotun ƙolin jihar na 2017 a shari'ar birnin Upland, kotunan ɗaukaka ƙara suka yanke a 2020 cewa harajin musamman da 'yan ƙasa suka kawo ta hanyar tara sa hannu rinjaye kawai yake buƙata. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙudurin J na 2012, na tsawaita harajin sufuri, ya sami kashi 66.1 amma ya faɗi. Ƙudurin A na 2024, harajin sayayya don magance rashin matsuguni, ya wuce da kashi 57 da ɗoriya domin ta hanyar sa hannu ya zo. A matakin gunduma ana buƙatar sa hannun da ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa a gundumar a zaɓen gwamna na baya, cikin kwana 180. Tara irin wannan adadi a Los Anjelas aiki ne mai cin kuɗi, don haka lakabin "na 'yan ƙasa" ba ya hana ka tambayar wa ya biya masu tattara sa hannun.

Bashin gini na gunduma ko birni yana buƙatar kashi biyu bisa uku. An nemi rage shi zuwa kashi 55 don gidaje da ababen more rayuwa a Ƙuduri na 5 na 2024, masu zaɓe suka ƙi. Bashin makarantu ne kaɗai ke wucewa da kashi 55, tun Ƙuduri na 39 na shekarar 2000. Gyaran kundin mulkin gunduma rinjaye ya ishe shi. Idan ka bar gurbin ƙuduri babu komai, ba a lissafa ka a eh ko a'a, sauran ƙuri'arka kuma tana nan daram.

Mataki na uku: lissafa kasonka da alƙalami

Ɗauko takardar harajin gidanka, wadda ake aikowa a watan Oktoba. Idan banki ke biya a madadinka cikin kuɗin bashin gida, za ka same ta a shafin mai karɓar haraji na gunduma da lambar fulotinka. Tana da sassa uku: harajin asali na kashi 1, bashin da masu zaɓe suka amince da shi, da kuɗaɗen da ake ɗora wa fuloti kai tsaye. Kowane sabon ƙuduri zai sauka ne a sashe na biyu ko na uku.

Lambar da ake aiki da ita ita ce ƙimar haraji, ba farashin kasuwa ba. Ƙimar tana farawa daga kuɗin da ka sayi gidan, ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara har sai an sayar ko an yi sabon gini. Ka ɗauka bashin makaranta zai ci dala 30 a kan kowace dala 100,000. Mai gidan da ƙimarsa ta kai 600,000 zai biya 180 a shekara. Maƙwabcinsa da ya saya tun da daɗewa, mai ƙimar 200,000, zai biya 60 a kan gida iri ɗaya. Sabon shiga unguwa shi ke ɗaukar kaso mafi nauyi, kuma yawancin baƙin da suka sayi gida a 'yan shekarun nan a wannan rukuni suke.

Harajin fuloti ba ruwansa da ƙima. Wani kuɗi ne tsayayye a kan kowane fuloti, wani kuma bisa girma. Ƙudurin E na 2024 na hukumar kashe gobara ya sa santi 6 a kan kowace ƙafa murabba'i ta gini, wato gida mai ƙafa 1,500 zai biya dala 90. Ƙudurin W na 2018 na tattara ruwan sama ya sa santi 2.5 a kan ƙafar da ruwa ba ya ratsawa, kamar rufi da daɓen siminti, don haka ƙafa 2,000 dala 50 ke nan. A irin wannan haraji ka duba ko an yarda ya riƙa hawa kowace shekara, da kuma ko an yafe wa tsofaffi. Hukumomin makarantu da dama suna yafe wa mai shekara 65 da ke zaune a gidansa, amma sai ya cike takardar nema kafin wa'adi. Ba ya zuwa da kansa, kuma dattawa da yawa suna biyan abin da aka yafe musu saboda babu wanda ya gaya musu.

Harajin sayayya ya shafi kowa, mai gida da ɗan haya. Tushensa a faɗin jihar kashi 7.25 ne, gundumomi da birane su ɗora nasu. Yawancin kayan abinci na kanti da magungunan da likita ya rubuta ba sa cikinsa, haka kuɗin haya. Ware abin da kake kashewa kan kayan da ake caja: tufafi, kayan gida, abincin gidan cin abinci, kayan gyaran mota. Idan ya kai dala 1,500 a wata, rabin santi a kan kowace dala zai zama 7.50 a wata, 90 a shekara. Motar dala 30,000 za ta ƙara 150, kuma tsallakawa wata gunduma don saye ba ya taimakawa, domin adireshin da aka yi wa motar rajista ake bi.

Lura kuma ko sabon harajin yana maye gurbin wani ne. Ƙudurin A ya soke Ƙudurin H na 2017 mai kwatan santi ya kawo rabin santi, don haka ƙarin da aka ji daga Afrilun 2025 kwatan santi ne. Amma ga babban bambancin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: H yana da wa'adin shekara 10, A kuwa yana nan har sai masu zaɓe sun soke shi. Ƙudurin R na sufuri na 2008 ya zo da wa'adin shekara 30, Ƙudurin M na 2016 ya zo babu wa'adi. Harajin da ke da ranar ƙarewa yana tilasta wa hukuma ta dawo ta nuna abin da ta yi. Wanda ba shi da ita yana sauƙaƙa tsara manyan ayyuka irin layin dogo, amma cire shi sai da sabon yaƙin neman zaɓe. A ganina, ƙudurin da ba shi da wa'adi ya cancanci tambayoyi ninki biyu.

Mataki na huɗu: idan bashi ne, nemi jimlar abin da za a biya

Lambar da ke cikin tambaya uwar kuɗi ce kawai. Hukuma tana sayar da takardun bashi ga masu zuba jari, ta biya su da kuɗin ruwa daga harajin gidaje. Bashin dala miliyan 100 na shekara 30 a kan ruwa kashi 4, idan ana biya daidai-wa-daida, zai ci kimanin miliyan 173. A kan kashi 5 ya kusa miliyan 195. Takardar ƙiyasi dole ta faɗi matsakaicin harajin shekara, da mafi tsananinsa da shekarar da zai zo, da jimlar biya. Raba jimlar da uwar kuɗin. Idan sakamakon yana kusa da 2 ko ƙasa, abin da aka saba ne. Idan ya haura sosai, akwai jinkirta biya a ciki.

Hukumar makarantun Poway a gundumar San Diyego ita ce darasin da kowa ke ambata. A 2011 ta ci bashin dala miliyan 105 ta irin takardun da ba a fara biyansu sai bayan shekara 20, ruwa yana hawa kan ruwa, jimlar biya ta kusa biliyan 1. Dalilin shi ne an yi wa masu zaɓe alkawarin ba za a ƙara musu haraji ba, sai aka tura nauyin ga 'ya'yansu. A 2013 jihar ta yi doka ta tsayar da irin wannan bashi na makarantu a ninki 4 da shekara 25.

Ƙiyasin harajin ba shi ne iyakar abin da za a caje ka ba. An gina shi kan hasashen cewa ƙimar gidajen yankin za ta ci gaba da hawa. Idan ta tsaya, dole a ɗaga harajin har ya isa biyan masu bashi. Ga bashin makarantu mai kashi 55, doka ta sa iyakar hasashe a lokacin sayar da takardun: dala 60 a kan kowace 100,000 ga hukumar da ta haɗa firamare da sakandare, 30 ga mai ɗaya daga cikinsu, 25 ga kwalejojin al'umma. Wannan iyaka ta kowane ƙuduri ce shi kaɗai, shi ya sa ake ganin layi uku ko huɗu na hukuma ɗaya a takardar haraji. Idan kuma ka ga an rubuta "ba tare da ƙara haraji ba" a ƙuduri, yawanci maganar tana nufin wani tsohon bashi ya kusa ƙarewa, harajinka da zai sauka sai a riƙe shi inda yake.

Kuɗin bashin makaranta na gini ne da kayan aiki, ba ya biyan albashin malamai. Dole a kawo jerin ayyuka, da binciken kuɗi da na aiki kowace shekara, da kwamitin sa ido na 'yan ƙasa. Karanta jerin. Wanda ya ambaci makarantu da sunansu ya fi wanda ya lissafa kowane irin gyara a kowace makaranta, domin na biyun ya halatta komai bai yi alkawarin komai ba. Tambayi kuma tsawon rayuwar abin da za a saya: sayen kwamfutar da za ta mutu cikin shekara 5 da bashin shekara 30 ɓarna ce. Sannan nemi rahoton kwamitin sa ido kan bashin da ya gabata, ka ga ko yana zama, ko kujerunsa a cike suke. Musulmin da batun riba ke damunsa ya kai wa malaminsa waɗannan lambobi kafin ranar zaɓe, fatawa ta fi inganci idan an san ainihin abin da ake tambaya.

Mataki na biyar: ƙudurorin mulki

Waɗannan ba su da farashi a fili, shi ya sa ake wuce su da sauri. Ƙudurin G na 2024, wanda ya wuce da ƙyar, ya ƙara kujerun majalisar gundumar Los Anjelas daga 5 zuwa 9 nan da 2032, ya ƙirƙiro zaɓaɓɓen shugaban zartarwa daga 2028, da hukumar ɗa'a. Tambayoyin da za ka yi wa irinsa su ne: wane iko ne ya bar hannun wa ya koma hannun wa, wa ke naɗawa, wa ke iya tsigewa, wa ke riƙe da kasafin kuɗi, kuma daga ina za a biya sababbin ofisoshin.

A rubutun dokar ka duba layukan da aka ja wa zare a tsakiya, su ne abin da ake sokewa. A 2025 aka gano cewa Ƙudurin G ya sake rubuta sashen kundin da ya kamata ya ƙunshi Ƙudurin J na 2020, wanda ya ware kashi 10 na wasu kuɗaɗen gunduma don ayyukan al'umma da madadin ɗauri. Ba a shigar da J cikin kundin da aka yi aiki da shi ba, don haka G ya zama zai share shi a 2028 ba tare da masu zaɓe sun sani ba. Idan kuma ƙuduri biyu masu karo da juna suka wuce a zaɓe ɗaya, wanda ya fi yawan eh shi ke rinjaye.

Mataki na shida: bi sawun kuɗin talla

A ƙasan kowace talla doka ta sa a rubuta wanda ya biya, da manyan masu ba da gudummawa uku da suka kai dala 50,000. Cikin kwana 90 kafin zaɓe, gudummawar dala 1,000 ko fiye sai an bayyana ta cikin awa 24. Kamfanonin gini da ke tallafa wa bashin gini, ko masu manyan kadarori da ke yaƙar harajin fuloti, ba laifi suka yi ba, amma sanin haka yana nuna maka ta inda hujja ta fito. Hujjojin da ke cikin littafin gunduma ra'ayin marubutansu ne, babu hukumar da ta tantance gaskiyarsu. Gwamnati kuma an yarda ta ba da bayani, ba a yarda ta yi kamfe da kuɗin jama'a ba. Gundumar Los Anjelas ta biya dala miliyan 1.35 a sasancin 2020 kan tallace-tallacen Ƙudurin H.

Nan ne wanda ba ɗan ƙasa ba yake da murya. Majalisa tana yanke shawarar kawo ƙuduri aƙalla kwana 88 kafin zaɓe, a zaman da kowa ke iya halarta ya yi magana, kuma ana liƙa ajandar zaman yau da kullum awa 72 kafinsa. Bayan wannan zama kalmomin sun daskare. Haka kuma idan za a ɗora wa fulotai kuɗin wani aiki na unguwa, kamar fitilun titi, Ƙuduri na 218 ya sa a aika wa masu fulotin takardar amincewa ko ƙi, nauyin kowace bisa abin da mai ita zai biya. Wannan ta mai kadara ce, ba ta rajistar zaɓe ba. Waɗanda aka mayar kaɗai ake ƙirgawa, don haka kada ta tafi kwandon shara.

Mataki na bakwai: jefa ƙuri'ar yadda za a ƙirga ta

Rajista tana rufewa kwana 15 kafin zaɓe, wanda ya makara yana iya rajistar sharaɗi a cibiyar zaɓe har ranar. Ana fara aika takardun ƙuri'a ga duk mai rajista kwana 29 kafin zaɓe. Rubuta zaɓinka a samfurin tukuna, sannan ka kwafa da baƙin biro ko shuɗi, ka juya bayan kowace takarda domin ƙudurorin gunduma sukan faɗa shafi na ƙarshe. Babu fassarar Hausa, amma doka ta ba ka damar zuwa da mutum har biyu su taimaka maka, muddin ba ubangidanka na aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonka ba ne.

Abin da ya fi jawo a ƙi ƙuri'ar gidan waya shi ne makara, da mantawa da sa hannu a ambulan, da sa hannun da bai yi kama da na rajista ba. Masu sa hannu wani lokaci da Larabci wani lokaci da boko su duba wanda ke jikin lasisin tuƙinsu su bi shi. Idan an sami matsala ofishin zaɓe zai aiko da takardar gyara, a cike ta a mayar nan take. Dokar jihar ta ce ambulan ya sami hatimin gidan waya na ranar zaɓe ko kafinta, ya iso cikin kwana 7. A makon ƙarshe ka bar gidan waya, ka kai ta akwatin hukuma ko cibiyar zaɓe kafin ƙarfe 8 na daren ranar.

Ƙirga tana ɗaukar har kwana 30, kuma ƙudurin da ke dab da kashi 55 ko biyu bisa uku yakan sauya matsayi bayan daren farko. Idan harajin gida ya wuce, zai bayyana a takardar Oktoba mai zuwa, bashi kuwa sai bayan an sayar da rukunin farko na takardunsa. Mai biya ta banki ya sa ran kuɗin watansa zai ɗan hau. Mai biya da kansa ya riƙe ranakun 10 ga Disamba da 10 ga Afrilu, domin wuce su tarar kashi 10 ce.